Jaruman roba sun dawo: abin da mai tara sababbin He-Man da ThunderCats ya kamata ya sani

A shekarar 1982 kamfanin Mattel na Amurka ya fito da He-Man da Skeletor da 'yan rakiyarsu a ƙarƙashin sunan Masters of the Universe. 'Yan tsanar jarumai ne na roba, tsayinsu inci 5.5, wato kimanin santimita 14, ƙirji a waje, ƙafafu a tale, kowa da takobinsa ko gatarinsa. An ƙera su ne domin yaro ya gwara su da juna, ya binne su a yashi, ya ɓatar da garkuwar tun a makon farko. A 2020 kamfanin ya sake fito da su da sunan Origins: tsayi ɗaya, kwali mai kama da na da, har da ɗan littafin labari mai zane a ciki. Wanda ya hango su a kanta zai rantse tsofaffin ne suka dawo.

Ba su ba ne, kuma duk wanda zai zuba kuɗinsa a wannan harka gara ya fahimci haka tun da wuri. Na da an yi su ne don a yi wasa da su su lalace, shi ya sa lafiyayyensu ya yi ƙaranci har ya yi tsada. Na yanzu an yi su ne don babban mutum ya saya ya adana. Wannan bambanci ne ke yanke farashi, da yadda ake sayarwa, da irin robar da ake zubawa, da irin cutar da ke kama su bayan shekaru.

Yadda aka zo nan

A farkon shekarun 1980 hukumar sadarwa ta Amurka ta sassauta ƙa'idojin da suka hana a mayar da shirin yara na talabijin tallar kayan wasa. Kamfanin Filmation ya fara nuna katun ɗin He-Man a 1983, kashi 130 gaba ɗaya, sai kasuwa ta buɗe. LJN ya fito da jaruman Advanced Dungeons & Dragons a 1983, irin su Warduke da Strongheart, sannan ThunderCats a 1985, da Lion-O da Mumm-Ra da Panthro. Coleco ya kawo Sectaurs, Kenner ya kawo SilverHawks, Mattel ya ƙara da She-Ra a 1985. Kafin shekarun 1980 su ƙare kusan duk sun mutu. Kantuna sun cika da kayan da ba a saya ba, yara sun koma wasu abubuwan.

Wani yunƙuri mai ƙarfi na dawo da He-Man ya zo a 2002, da sabon katun da sabuwar sassaƙa daga ƙungiyar masassaƙa ta Four Horsemen. Aikin ya yi kyau, amma cikin shekara biyu zuwa uku ya durƙushe, kuma dalilin darasi ne har gobe. Kowane katan da ake kai wa kanti an cika shi da He-Man da Skeletor iri-iri, sauran jaruman kuwa ɗaya ɗaya. Ana kwashe ɗaya ɗayan nan a rana guda, He-Man ya zauna a rataye ba mai taɓa shi, kanti ya ga kaya ba su tafiya ya ƙi yin sabuwar oda. Haka jerin ya shaƙe kansa.

A 2008 Mattel ya sauya dabara. Masters of the Universe Classics bai shiga kantuna ba, a shafin intanet na Mattycollector ake sayar da shi, jarumi guda a dala 20 da farko, daga baya aka kawo tsarin rajistar shekara inda mutum ke ɗaukar alkawarin sayen duk abin da zai fito. Wannan ne ya nuna wa masana'antar cewa yaran 1983 sun girma, suna da albashi, kuma za su biya kafin su ga kaya. Jerin ya kai har 2016 a hannun Mattel, sannan Super7 ya karɓa ya ci gaba na wasu shekaru. Daga nan ƙofa ta buɗe wa kowa: Super7 ya ɗauki ThunderCats da SilverHawks a jerinsa na Ultimates, NECA ya dawo da Warduke da 'yan uwansa, Mattel ya ƙara Masterverse a 2021. Four Horsemen kuwa suka kafa nasu na kansu, Mythic Legions, ta hanyar karo-karo a shafin tara kuɗi na Kickstarter a 2015. Wannan ba tsohon suna ba ne, amma jininsa na wancan zamani ne. Akwai kuma dawowar da ta fi sauran daɗi a wurina, ta Sun-Man, baƙar fatar jarumin da Yla Eason ta ƙirƙiro a 1985 a kamfaninta na Olmec Toys domin yara baƙaƙe su ga mai kama da su. Mattel ya shigo da shi cikin Origins bayan fiye da shekara talatin da biyar.

Mazubin ƙarfe ne ke mulki

Ba a fahimtar wannan kasuwa sai an fahimci yadda ake zuba roba. Kowane hannu, kowace ƙafa, kowane kai yana fitowa ne daga mazubin ƙarfe da aka sassaƙe, a narkar da roba a tura ta ciki da ƙarfi, ta huce a ɓamɓaro ta. Robar kanta ba ta da tsada. Mazubin ne ke cin dubban daloli, kuma jarumi ɗaya mai gaɓoɓi da yawa yana buƙatar mazubai da dama. Saboda haka duk kamfani yana neman hanyar da zai yi amfani da mazubi ɗaya sau goma.

Tun asali haka aka yi. Damisar He-Man, Battle Cat, an ɗauko ta ne daga mazubin damisar wani tsohon jeri na Mattel mai suna Big Jim, aka yi mata koren fenti da sirdi. Panthor ita ce dai wannan damisa, an lulluɓe ta da gashi mai laushi ruwan shuni. Moss Man jikin Beast Man ne aka yi masa koren gashi da ƙamshin itace. Stinkor kan Mer-Man ne da sabon fenti da wari. Faker kuwa He-Man ne shuɗi sanye da sulken Skeletor. Sababbin jerin sun gaji wannan hali gaba ɗaya, kuma mai tarawa yana iya karanta gaba da shi. Idan aka fito da jarumi mai sabon ƙirji ko sabuwar ƙafa, a sa rai da wasu biyu ko uku masu irin wannan jiki nan gaba. Idan kuma jarumi yana buƙatar komai nasa sabo, kamar mai jikin maciji ko mai ƙafa huɗu, to ko dai ya zo a makare, ko ya zo da tsada, ko a sayar da shi a intanet kawai. Wannan ne kuma dalilin da He-Man ke fitowa a launi bayan launi: kuɗin da ake samu daga maimaicinsa ne ke biyan mazubin ƙananan jaruman da masu tarawa suka fi ƙwallafa rai a kansu.

Abu na biyu da mazubi ke koyarwa shi ne, ba a jefar da shi. Muddin yana nan, kuma lasisin sunan yana hannun kamfani, ana iya sake zubi. Jarumin da ya yi wuyar samu bana har farashinsa ya ninka uku a shafin saye da sayarwa na eBay, baɗi ana iya sake fito da shi, wani lokaci ma da gyararren fenti, farashin tsohon ya faɗo ƙasa a mako guda. An ga haka da He-Man na Origins, wanda ya fara fitowa da sabuwar fuska, daga baya aka sake shi da kai mai kama da na 1982.

Zaɓen tsayi tun kafin sayen na farko

Kuskuren da ya fi cin kuɗi shi ne haɗa jeri uku a lokaci guda ba tare da lura cewa ba su dace da juna ba. Origins inci 5.5 ne, gajeru masu faɗi, da gaɓoɓi kusan 16. Masterverse inci 7 ne, kimanin santimita 18, da gaɓoɓi kusan 30, jiki siriri mai kama da na mutum. Classics da Ultimates na Super7 suna kusa da inci 7 su ma, amma sun fi kauri, shi ya sa Lion-O na Super7 ya fi dacewa kusa da He-Man na Classics fiye da na Masterverse. Mythic Legions ana kiransu inci 6, a zahiri da yawansu sun ɗan haura. ReAction na Super7 kuwa inci 3.75 ne, gaɓoɓi biyar kacal, abin da ake saya a cikinsu shi ne zanen kwalin.

Tsayi ba maganar ido kaɗai ba ce. Shi ne ke yanke ko jarumi zai zauna a kan damisa, ko zai shiga ƙofar gidan sarauta, ko takobin wancan zai shiga hannun wannan. Origins yana da wata fa'ida babba a nan: yawancin jarumansa suna shiga motoci da gine-ginen shekarun 1980, kuma an ƙera su don a kwance. Kai yana fita, hannu yana fita daga kafaɗa, tafin hannu yana fita, ƙugu yana rabuwa, takalmi yana cirewa, a musanya da na wani. Abin da aka rasa shi ne sifirin ɗin ƙugu na tsofaffin, wanda ake murɗawa a saki jarumi ya kai naushi. Mythic Legions ma ana kwance su, sai dai yawancinsu jikinsu iri biyu ne: babba na asali, da ƙarami da aka kawo daga baya don mata da aljanu da ƙananan halittu. Turakun gaɓoɓinsu ba girma ɗaya ba ne, kuma tura babban turke cikin ƙaramin rami da ƙarfi yana tsaga roba.

Shawarata ita ce a ɗauki jeri ɗaya, a kuma yi masa iyaka a rubuce: jarumai takwas na farkon 1982 kawai, ko waɗanda suka fito a katun kawai, ko miyagu kawai. A auna kanta tukuna. Jarumin inci 7 a tsaye da makami yana cin faɗin santimita 10 zuwa 12, kanta mai tsawon santimita 80 ba za ta ɗauki fiye da shida zuwa takwas a sahu ɗaya ba, kuma gini irin Castle Grayskull, gidan sarautar da He-Man ke karewa, yana cinye kanta guda shi kaɗai.

Hanyoyin saye da tarkon kowacce

Hanya ta farko ita ce kanti. Origins ya fara ne a kantunan Walmart kaɗai a Amurka, a kusan dala 15, kafin ya bazu a 2021. A nan matsalar katan ta 2002 tana nan da ranta: rukuni ɗaya na sababbin jarumai yana iya tsallake wani yanki gaba ɗaya saboda kantunan wurin ba su gama sayar da na baya ba. Akwai kuma jaruman da ake keɓe wa kanti guda, Target ko Walmart ko Amazon, waɗanda 'yan baranda ke kwashewa cikin mintuna su kai eBay. Maganinsu haƙuri ne. Farashin 'yan baranda yana kan ganiyarsa ne a makonnin farko, lokacin da hotuna suka cika intanet amma kaya ba su gama isa kantuna ba. Bayan wata biyu zuwa uku yawanci yana saukowa. Idan za a duba darajar abu a eBay, a duba abin da aka riga aka sayar, ba abin da mai kaya ya rubuta yana nema ba.

Hanya ta biyu ita ce oda kafin ƙira. Tsarin da Super7 ya shahara da shi kenan: a buɗe oda na kusan wata guda, a karɓi kuɗi gaba ɗaya, a ƙera daidai adadin da aka nema da ɗan ƙari, kaya su iso bayan shekara ko fiye. Ultimates sun fara a dala 45, suka koma 55. Alfanunsa shi ne ba a tsere da kowa. Illarsa kuwa, abin da aka nuna maka hoton kwamfuta ne ko samfurin da aka yi wa fenti da hannu, ba abin da masana'anta za ta fitar ba. Launin fata yana iya canzawa, ido yana iya karkacewa, gaɓa tana iya zuwa a sake. Wasu dillalai ba sa cire kuɗi sai kaya sun iso rumbunsu, kuma suna barin a soke oda. Ga wanda bai san aikin kamfani ba tukuna, wannan ta fi aminci, ko da za a ɗan ƙara kuɗi. Wajibi ne kuma a riƙe lissafin odar da ke hanya, da ranar da aka yi ta da wurin da aka yi ta, domin oda shida da aka yi a watanni daban-daban suna iya faɗowa a wata ɗaya.

Hanya ta uku ita ce karo-karo, kuma manyan gine-gine ne ke bi ta nan. A 2022 Mattel Creations, shafin sayarwa na Mattel a intanet, ya nemi mutum 5,000 su biya dala 550 kowanne kafin ya sake ƙera Eternia, katafaren ginin hasumiya uku na 1986. Super7 ya bi irin wannan hanya da Cats' Lair na ThunderCats. Idan adadi bai cika ba ba a ƙerawa. Waɗannan suna cikin ƙalilan daga sababbin kaya da ake iya cewa ƙarancinsu na gaskiya ne, domin da wuya a sake zuba abu mai wannan girma. Amma a lissafa kuɗin jigila da haraji daban, katan ɗinsu babba ne mai nauyi, kuma idan wani yanki ya iso a karye, kayan canji ba su daɗewa a hannun kamfani. A buɗe a duba a makon da ya iso.

Robar da ke hannunka

Jarumi ɗaya ba roba iri ɗaya ba ce. Ƙirji da ƙugu yawanci ABS ne, mai tauri, mai ƙara idan aka ƙwanƙwasa. Kai da hannaye da ƙafafu da sulke PVC ne, mai laushi saboda an gauraya shi da wani sinadari mai maiƙo da ke sa shi lanƙwasa. Turaku da faifan gaɓoɓi sau da yawa wata roba ce ta uku mai santsi da ƙarfi. Kusan duk matsalar da za a gamu da ita ta fito ne daga halin ɗaya daga cikin ukun nan.

Sabon jarumi da aka ciro daga kwali shi ya fi saurin karyewa. Fenti yana shiga gaɓa a masana'anta ya bushe ya liƙe ta, sanyin hanya kuma ya ƙara taurara PVC. Idan gwiwar hannu ko idon sawu ta ƙi motsi, kada a tilasta. A zuba ruwan zafi mai digiri 60 zuwa 70 a ma'aunin Salshiyas, ba tafasasshe ba, a tsoma gaɓar na daƙiƙa 30 zuwa 60, sannan a riƙe ta kusa da mahaɗar sosai a motsa a hankali ta fuskar da aka yi ta ta lanƙwasa. A duba wannan fuska da kyau, domin yawan karyewar wuyan hannu yana faruwa ne idan faifan gaɓar ya juya gefe aka danna shi ta inda ba ya tafiya. Na'urar busar da gashi ma tana yi, daga nisan santimita 15, ana kaɗa ta ba a tsayar da ita wuri ɗaya ba. Alamar haɗari ita ce farin tabo a kan turke, ko kuma a ji hannu yana juyawa yana dawowa da kansa: gaɓar ba ta motsa ba, turken ne ke murɗewa, kuma saura ƙiris ya tsinke. Haka ake yi kafin a canja kai ko tafin hannu: a ɗumama ramin, a ja a miƙe, ba a karkace ba. Bayan gaɓa ta saki, ɗigo ɗaya na man silikon a kan tsinken sakace ya isa. Man da aka yi daga fetur yana cin wasu robobin, a nisance shi.

Ba a tsoma komai a ruwa ba. Jarumi mai gashi irin Moss Man ko Panthor, mai sitika a ƙirji, mai batir, ko mai rufin azurfa mai walƙiya, duk waɗannan iskar ɗumi kaɗai ake yi musu, ita ma a taƙaice.

Takobi ko sanda ko ƙafar da ta lanƙwashe a cikin kwali gyaranta mai sauƙi ne: ruwan zafi har ta yi laushi, a miƙar da ita da yatsu, a tsoma ta nan take a ruwan sanyi na minti guda tana miƙe. Wani lokaci sai an maimaita sau biyu.

Gaɓar da ta yi sako-sako kuwa cika ta ake yi, ba liƙe ta ba. A ɗiga fanish mai ruwa irin na akirilik ko foliyuritan a cikin mahaɗar, a riƙa motsa ta lokaci-lokaci a awa ta farko, a bar ta ta bushe kwana guda. Siririn rufin da ya bari shi ke ƙara kamu. Wasu suna amfani da sufa gulu, kuma yana yi, amma in aka daina motsawa na daƙiƙa kaɗan gaɓar ta daskare har abada, tururinsa kuma yana barin farin hazo a kan fenti da roba mai garai-garai. Asiton, sinadarin goge fentin farce, yana narkar da ABS kai tsaye. Sifirit ma yana ɗauke fenti idan aka goga da ƙarfi.

Sai cutar da ke zuwa a hankali. Sinadarin nan mai maiƙo da ke cikin PVC ba ya zama wuri ɗaya, yana tsatsowa waje da shekaru, zafi kuma yana hanzarta shi. Shi ne ke sa jarumi ya yi danƙo a hannu. Abin da ke ba sababbin masu tarawa mamaki shi ne, wanda aka bari a rufe cikin kwali ko leda marar iska ya fi saurin yin danƙon, domin abin da ya tsatso ba shi da inda zai tafi sai ya kwanta a jiki. Wanki da ruwa mai ɗumi da sabulun wanke kwanuka marar ƙarfi da tsohon buroshin haƙori mai laushi yana cire shi, a bar shi ya bushe a inuwa. Zai iya dawowa bayan wasu shekaru, a sake wankewa. Wannan sinadari ne kuma ke sa PVC mai laushi ya narkar da roba mai tauri idan suka daɗe a manne: igiyar makami da aka naɗe a jikin mota, ko taya da ta jingina da bangon gini, sai a tarar da sawunta ya nutse a ciki, kuma wannan ba ya gyaruwa. Kowane jarumi da kayansa a ba shi ledarsa, ta foliyetilin ko folifirofilin, masu lamba 2 ko 4 ko 5 a alamar sake sarrafawa. Mai lamba 3 PVC ce, ba a ajiya a cikinta. A huda ledar ƙananan ramuka biyu. Siraran robobin ɗauri da masana'anta ke riƙe makami da su a hannu a yanke su, suna ruɓewa su manne da fenti. Alkyabbar yadi ja ko baƙa tana rina kafaɗar jarumi mai hasken launi, a cire ta idan za a daɗe ba a fito da shi ba. Batir ma a cire.

Roba mai garai-garai ta fi sauran gautsi. A jerin Classics an san jarumar nan koriya, The Goddess, da tsagewar ƙugu, Roboto da tsagewar ƙirjinsa mai nuna giya, Snout Spout kuma da hancinsa na soso da ke yagewa in an yawaita lanƙwasa shi. Irin waɗannan a tsayar da su tsayuwa ɗaya a ƙyale su. Fari da shuɗi mai haske suna komawa rawaya da hasken rana da zafi. Ana iya dawo da farin da ruwan haidirojin feroksaid da haske, amma launin yana komowa bayan wani lokaci, kuma maganin yana kodar da fenti, don haka rigakafin ya fi: kanta nesa da taga, fitilar LED marar zafi, ɗaki mai digiri 18 zuwa 24, danshi kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari. Ɗakin da ke ƙarƙashin rufin kwano da gareji su ne suka fi kashe tarin kaya.

A buɗe ko a bar shi a kwali

He-Man na 1982 da ke cikin kwalinsa ba a taɓa buɗewa ba yana da tsada ne saboda kusan babu wanda ya yi tunanin ajiye shi. Na 2020 kuwa dubban mutane sun sayi biyu biyu, ɗaya na buɗewa ɗaya na ajiya, cikin akwatin kariya tun ranar farko. Abin da kowa ya adana ba ya yin ƙaranci. Wasu ƙalilan suna tashi, musamman na taron San Diego Comic-Con, da na karo-karo, da rukunin ƙarshe na jerin da ke mutuwa, wanda ake ƙera kaɗan saboda kantuna sun riga sun juya baya. Mafi yawa kuwa suna tsayawa kusa da kuɗin da aka saye su, ko ƙasa da shi idan aka cire kuɗin dillanci da jigila. Wanda ke son zanen kwali ya ajiye a rufe saboda zanen, hujja ce mai kyau, domin kwalayen Origins suna da zane na gaske. Wanda ke ajiyewa don riba kuwa ya sake lissafi. Kai sabon jarumi wurin masu tantance daraja irin AFA, waɗanda ke ba kwali da murfin robar da ke kansa da jarumi maki su rufe shi cikin gilashin roba, sau da yawa kuɗin aikin ya fi abin da zai ƙaru a farashi.

Idan za a ajiye a rufe, kwali yana son tsayuwa a miƙe, ba a ɗora wani a kan murfinsa ba. Danshi yana lanƙwasa shi, zafi yana sakin gam ɗin murfin har ya ɗago daga gefe.

Dawowar sababbin ta kawo wani rikici a kasuwar tsofaffin. Takobi da gatari da sulken Origins suna kama da na 1982 sosai, kuma ana haɗa tsohon jarumi da sabon makami a sayar da shi a matsayin cikakke. Ga kuma jerin tunawa da Mattel ya sake zubawa a 2000 da 2001, da makaman da mutane ke ƙerawa a gida da firinta mai fitar da siffa. Kafin a biya kuɗin tsoho a nemi hoton bayan jarumi da na ƙarƙashin sulke, inda aka buga shekara da ƙasar ƙira, irin su Taiwan ko Malesiya ko Meziko. Ƙafafun tsoho suna rataye ne da robar ɗauri a cikin ƙugu, gwiwarsa da gwiwar hannunsa ba sa lanƙwasa, na Origins kuwa turke ne da gaɓa. A makamai a duba launi a hasken rana, da layin da mazubi ya bari a gefe, da ɗan zagayen tabon da ƙusar turo kaya ke bari a roba. Na firinta ba shi da wannan tabo, sai siraran layuka a jere idan aka karkata shi ga haske. Sababbin ma ana yin jabunsu, musamman masu tsada, kuma alamar farko ita ce mai sayarwa da ke da ɗaruruwan abin da aka daina ƙerawa shekara biyar da suka wuce, a rabin farashi, da hoton kamfani maimakon hoton kayan da ke hannunsa.